Mai zuwa Abzin ya tafi da idon ɗalibi

Yaron da ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san gishirin kantu. Ya san dabino da cuku. Mai yiwuwa ya taɓa shan lemun Timiya, ko an yi miya a gidansu da tafarnuwar Agadas. Amma in aka tambaye shi daga ina waɗannan abubuwa suke zuwa, sai ya ce daga arewa, ya yi shiru. Shekara da shekaru baƙi daga Faransa da Jamus da Italiya sun yi ta kashe kuɗi masu yawa don su ga duwatsun Abzin, ƴan ƙasa kuwa da yawa ko hanyar ba su sani ba. Wannan bai dace ba. Ya kamata ɗan Nijar ya san Abzin, in ya samu hali ya je. In ya je kuma, kada ya tsaya ga kallon dutse da ɗaukar hoto. Ya buɗe ido da kunne, ya koyo abin da zai amfani garinsu.

Ina ne Abzin?

Abzin, wadda wasu ke kira Azbin ko Ayar, ƙasar duwatsu ce a arewacin Nijar, cikin jihar Agadas. Daga Damagaram zuwa birnin Agadas tafiyar wajen kilometir 450 ce, daga Tawa kuma wajen 400. Duwatsun sun faro daga arewacin birnin, suka miƙa har wajen iyakar Aljeriya. Gabas da su sai Tenere, hamadar rairayi. Ƙololuwar da ta fi tsawo tana bisa dutsen Bagzan, sunanta Idukal-n-Tagas, tsawonta metir 2022. Duk faɗin Nijar babu inda ya kai ta.

Abzin ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Gobirawa suna faɗin cewa kakanninsu sun zauna can kafin su gangaro kudu. Doki ɗan Abzin ya yi suna a fadar sarakunan Hausa. Har yau a kasuwar Agadas ana ciniki da Hausa kamar yadda ake yi da Tamajak, harshen Abzinawa.

Agadas, ƙofar duwatsu

Duk mai zuwa Abzin daga kudu sai ya bi ta Agadas. Tun daga nesa zai hango hasumiyar babban masallaci. An gina ta a 1515, aka sake gyara ta a 1844. Tsawonta metir 27, kuma da laka da itace aka yi ta. Kusa da ita akwai fadar Sarkin Abzin. A cikin tsohon gari kuma akwai gidan da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya sauka a 1850. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Mai gaggawa zai hau hasumiya, ya kalli gari, ya sauko. Ɗalibi kuwa zai yi tambaya: yaya ginin laka ya kai wannan tsawo bai faɗi ba? Zai lura gindin yana da faɗi, ginin yana tsukewa yana hawa. Zai ga itatuwan da suka fito a jikinsa, waɗanda magina ke takawa in za su yi yaɓe. A nan zai gane cewa ginin ƙasa yana daɗewa in an kula da shi. Daga nan sai ya nufi wurin maƙera, ya ga yadda ake narka azurfa a ƙera abin wuyan nan na Agadas da duniya ta sani, ya ga jakunkuna da kayan raƙumi da mata ke ɗinkawa da fata.

Garka cikin dutse

Abin da ya fi cancanta a tsaya a duba a Abzin shi ne garka. A Maraɗi ruwan sama na shekara yakan kai milimetir 500. A Agadas yawanci ba ya kai 200. Duk da haka a Timiya da Iferwan da Tabelot ana noma rani da damina. Asirin yana ga dutse. In ruwa ya sauka bisa dutse ba ya nutsewa, sai ya gangara cikin kwari, ya taru ya zama ƙorama mai ƙarfi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ƙoramar ta ƙafe a ido, amma ruwan yana nan kwance ƙarƙashin rairayi, inda rana ba ta shan shi. Manoma sai su gina rijiyoyi a bakin ƙoramar su same shi.

Abzinawa suna da dabarar jan ruwa da suke kira takarkart. Ana kafa itatuwa bisa bakin rijiya, a rataya kura. Ana ɗinka babban wasaki na fata mai dogon baki kamar hannun riga. Igiya biyu ake sa masa, ɗaya ta riƙe wasakin, ɗaya ta riƙe bakin. Sa ko raƙumi ke ja, yaro yana gaba yana riƙe da shi. In wasakin ya iso sama, sai bakin ya miƙe, ruwa ya zuba da kansa cikin komi. Daga komi ya bi ƴan hanyoyi, manomi yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan, har kowane ya sha.

Da haka ake samun alkama da masara da albasa da tafarnuwa da tumatir da dankalin turawa. A Timiya, fiye da kilometir 200 daga Agadas, akwai lemu da rumman da inabi a inuwar dabino. Albasar Abzin kuwa manyan motoci ke kwasarta zuwa kudu, har ƙasashen bakin teku.

Yanzu injin jan ruwa ya karɓi aikin sa a garake da yawa. Inji yana da sauri, garka ta ƙara faɗi, kuɗi sun ƙaru. Sai dai inji yana iya janye ruwa fiye da abin da damina ke mayarwa, shi ya sa a wasu wurare sai an ƙara wa rijiya zurfi. Yaron da gidansu yake bakin Gulbin Maraɗi, ko kwarin Majiya, ko fadamar Ƙorama ta Damagaram, wannan darasi nasa ne. Ya zauna da manomin Abzin su sha shayi, ya tambaye shi yadda yake auna ruwansa. Wanda ya rayu da ruwa kaɗan ya fi kowa sanin darajarsa.

Akwai kuma wuraren hutu. Kusa da Timiya ruwa yana zubowa daga bisa dutse cikin wani ɗan tafki mai sanyi. A Tafadek, arewa da Agadas, ruwan zafi ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mutane suna zuwa daga nesa su yi wanka don ciwon gaɓoɓi. Mai ƙarfin ƙafa kuma sai ya hau Bagzan, inda tun kaka da kakanni da ƙafa da jaki ake hawa. A can bisa zai tarar da ƙauyuka da garake da makiyaya da awakinsu.

Abin da dutse ya rubuta

A Dabus, yamma da duwatsun, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, mutanen da sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse. Babban ya fi metir 5. Masana sun ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6000 da 8000. Sai a 1987 masana suka fara rubuta labarinsu. A wasu kwaruruka na Abzin akwai zanen shanu da giwa da jimina, da rubutun Tifinag na Abzinawa.

Raƙumin dawa ba ya zama inda babu itatuwa. Giwa ba ta zama inda babu ruwa. Ke nan wurin da yake hamada yau, a da daji ne mai ciyawa da tafkuna. Yanayin duniya ne ya sauya sannu a hankali, ruwa ya ja baya. Yau raƙuman dawan Nijar suna yankin Kure, kusa da Yamai, sai kuma waɗanda aka fara kaiwa Gadabeji a 2018. Ɗalibin da ya tsaya gaban wannan dutse ba zai sake jin maganar gurgusowar hamada kamar tatsuniya ba. Gani ya kori ji.

Tsakanin Timiya da Iferwan akwai kangon Asode, tsohon gari mai babban masallaci. Ya yi zamani, sa'an nan ya yi ta raguwa, har ya watse a lokacin yaƙin Kawsan da Faransawa na 1916 da 1917. Mai son tarihi ya biya ta nan, ya nemi dattijo ya ba shi labari.

Ayari

Wanda ya je wajen watan Oktoba yana iya dacewa da tashin ayarin gishiri. Raƙuma suna barin Abzin ɗauke da hatsi da ciyawar da za su ci a hanya. Madugu yana gaba, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, inda ake sayo kantu da dabino. In sun komo gida sun huta, sai su gangara Damargu da Damagaram, wasu har Kano, su sayar da gishiri su sayi gero. Motoci sun rage wannan fatauci ƙwarai, amma bai mutu ba. A hanyar nan ne aka yi wata ƙaya tilo, wadda matafiya ke gane hanya da ita. Mota ta buge ta a 1973. Gangar jikinta tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa itacen ƙarfe a gurbinta. Ayari yana nuna abu guda a fili: arewa tana bukatar geron kudu, dabbobin kudu suna bukatar gishirin arewa.

Abin da ake iya rasawa

A 1988 gwamnati ta keɓe wani yanki na Abzin da Tenere, mai faɗin fiye da murabba'in kilometir dubu 77, don kiyaye namun daji da itatuwa. UNESCO ta sa shi cikin dukiyar duniya a 1991, bayan shekara ɗaya kuma ta ce yana cikin haɗari. Akwai sauran barewa da ragon dutse, akwai birai a wajen dutsen Tamgak. Jimina kuwa, wadda da ake gani garke garke, farauta ta kusa ƙarar da ita daga dajin. Ana sare itatuwa don gawayi. Masu neman zinariya suna barin ramuka. Wasu baƙi suna rubuta sunansu bisa zanen da ya shekara dubbai, wasu suna tsince kan kibiya na dutse da duwatsun niƙa na mutanen da su sayar. Abin da aka ɗauke ba ya komowa. Mutum kuma ba ya kishin abin da bai sani ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata ƴan makaranta su san Abzin.

Masu cewa a bari

Wani zai ce hanya tana da nisa, mota tana da tsada, kuma ba kullum ake da kwanciyar hankali ba. Maganarsa tana da gaskiya. An yi tawaye a arewa daga 1990 zuwa 1995, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995. An sake yi daga 2007 zuwa 2009, har aka binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. Akwai kuma ƴan fashi a wasu wurare. Don haka ba a tashi kai tsaye. Sai an tambayi hukuma, in ta ce a dakata a dakata. Amma dakatawa daban, mantawa daban. Ajin da bai iya zuwa bana yana iya zana taswirar Abzin a allo. Yana iya gayyato mai sayar da kantu ko wani ɗan Agadas mazaunin gari ya zo ya yi bayani. Yana iya rubuta wasiƙa ga wani aji na Timiya ko Iferwan. Kuɗin mota kuma, garkar makaranta tana iya tara wani abu a ciki.

Ladabin baƙo

In tafiya ta yiwu, lokacin ɗari ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A tafi da bargo da rigar sanyi, don da dare bisa duwatsu ruwa yana iya daskarewa. A ɗauki ɗan jagora ɗan ƙasar, gama baƙo makaho ne ko da idonsa. Kada a kwana cikin ƙorama ko da ta bushe, don ruwan da ya sauka bisa dutse mai nisa yana isowa ba sallama. A watan Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta cika ta rushe gidaje masu yawa a Agadas. Kada a sa sabulu cikin tafkin da mutane da dabbobi ke sha. Kada a tsinki lemu a garka sai mai ita ya bayar. Kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda. Leda da gwangwani a komo da su. In za a sayi tsaraba, a saya hannun maƙeri ko manomi, kuɗin su tsaya a ƙauyen.

Kowane ɗalibi kuma ya riƙe littafi da alƙalami. Ya zana takarkart da igiyoyinsa biyu. Ya auna zurfin rijiya ɗaya. Ya rubuta gaisuwa da kalmomi goma na Tamajak. In ya komo, ya tsaya gaban aji ya karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba.