Waɗanda ke tsaye a bayan sarki su ma suna da sunaye

A tsofaffin ofisoshi da zaurukan gidaje daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Augie, ba a rasa hoton nan mai baƙi da fari: sarki zaune a tsakiya cikin alkyabba, hakimai a gefensa, ma'aikata kuwa sun yi sahu a baya ranar wani naɗin sarauta ko tarbar babban baƙo. Kowa zai faɗa maka sunan sarkin. Amma tambayi sunan akawun da ke tsaye a ƙarshen sahu, ko masinjan da ke durƙushe a gaba, sai a yi shiru. Wannan shirun asara ce, kuma ya wajaba mu magance ta tun dattawan da suka san fuskokin suna raye.

Dalili shi ne, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, En'e ce gwamnatin da talaka ya sani. A ƙarƙashinta ake da baitulmali da kotun alƙali da 'yan doka da malaman asibiti da na gona. Bikin sarauta a lokacin bikin wurin aiki ne, domin sarki shi ne shugaban ma'aikatar. Don haka irin wannan hoto rajista ce ta waɗanda suka riƙe littafin haraji, suka yi wa yara lamba, suka koyar a elementare. Kowa ya san ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ce ta haifar da bikin kamun kifi da UNESCO ta karrama a 2016, amma masuntan da suka shiga ruwa da ma'aikatan da suka shirya masauki, tarihi bai ajiye sunayensu ba.

Wasu za su ce yawancin hotunan na zamanin Turawa ne, kamar na hawan dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, kuma adana su tamkar yabon mulkin mallaka ne. Damuwar tana da tushe, sai dai adanawa daban, yabo daban. Hoton da ya nuna wa ke kan kujera, wa ke ƙasa, shi ne shaidar da za ta fahimtar da jikokinmu yadda mulkin ya kasance. Wasu kuma za su ce manomin shinkafar Augie da ambaliya ta ci gonarsa ba hoto ne a gabansa ba. Gaskiya ne, amma aikin ba ya cin kuɗin taki: wayar hannu ce, da littafi, da zama gaban dattijo a rubuta abin da ya faɗa.

Wurin ajiya ma akwai. Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Argungu da aka mayar gidan tarihi a 1958, ya dace da wannan amana, kuma Arewa House da ke Kaduna ta san aikin. Masarautun Argungu da Gwandu su umarci hakimai a tattaro kwafe, a bar wa iyalai na asali. Kai kuma mai karatu, idan akwai irin hoton a gidanku, ka kai wa mafi tsufan dangi a makon nan, ka rubuta sunayen a bayansa kafin gara da mantuwa su riga ka.