Wa Zai Riƙe Labarin Farashi Tsakanin Azare Da Ikko?

A zamanin da, idan falke ya taso daga Azare da shanu ko buhunan wake ya nufi Badun ko Ikko, ba ya sanin abin da zai tarar sai ya sauka. Labarin farashi yana bakin direban mota, ko kuwa wajen maigidan da zai sauke shi a Sabo ko Agege. Maigida shi ya san mahaucin da ke biyan bashi da wanda ba ya biya, kuma da wannan sani yake cin abinci, shi da dillalansa.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 al'amarin ya soma sakewa. Wata malama 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Watau ribar nan da ake ci saboda wani bai ji labari ba, ta daɗe da fara tsukewa.

To, yanzu an wuce nan. Kamfani irin su AFEX yana da rumbuna a jihohin Arewa, yana sayen masara da waken suya da riɗi, yana kuma baza farashinsu a intanet. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin kayan abinci kowane wata, ita kuwa hukumar NiMet takan ba da hasashen damina a farkon shekara. Duk wanda ya iya kwamfuta yana iya zuba waɗannan cikin manhaja, ya haɗa da kuɗin mota, ta nuna masa watan da wake yakan yi araha da garin da zai yi tsada. Mai irin wannan manhaja yana zaune a ofis a Ikko, bai taɓa taka ƙasar Katagum ba, amma yana iya riga ɗan Azare sayen riɗin ƙauyensu. Wannan shi ne abin da ya kamata ya hana 'yan Arewa mazauna Kudu barci.

Amma fa ba a ce manhaja ta san kome ba. Yawancin alƙaluman da take ci na jiha ne dungurungum, alhali kuwa farashin garin Bauchi dabam, na Azare dabam, domin Azare tana kan hanyar Kano zuwa Potiskum da Maiduguri, kuma kasuwarta ta fi jin motsin waɗannan garuruwa. Ita da kilo take lissafi, mutanen kasuwa kuwa da tiya da mudu da buhu, buhun ma wani ya fi wani cika. Ba ta duba haƙoran sa, ba ta san wanda ya ci amana bara ba. A watan Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsai da kai kaya Kudu, tumatir ya yi tsada a Mil 12, a Arewa kuwa ya rasa mai saye. Masu lodi da direbobi su suka fara sanin haka, kafin labari ya kai ga kowace kwamfuta.

Ashe ke nan sanin da ya fi daraja yana hannun fatake har yanzu, sai dai yana cikin ka da saƙonnin murya na WhatsApp, inda yake ɓacewa bayan kwana biyu. Lalle ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Mil 12 da Bodija da mayankar Oko-Oba su haɗa kai da 'yan'uwansu na gida, a sami mutum guda a kowace kasuwa mai rubuta farashin rana da kuɗin mota da yawan motocin da suka tashi, cikin Hausa, da irin awon da aka saba. In aka yi shekara biyu ana tarawa, falke zai duba wayarsa ya ga ko ya yi lodi yau ko ya dakata mako guda. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mota guda da ta isa Ikko kasuwa a cike tana iya cinye jarin mutum.

Masu yin aikin ma ba a nesa suke ba. Ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh a Azare, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, suna yaye samari da 'yan mata da suka iya kwamfuta, waɗansunsu 'ya'yan fataken ne da kansu. Abin da ya rage shi ne shugabannin ƙungiyoyi su ware musu albashi daga kuɗin da ake karɓa kan kowace mota, kuma a rubuta tun farko cewa littafin farashin mallakar ƙungiya ne, ba a sayar wa kowane kamfani sai da yardar mambobi.