Ba kowane laifi ne na netwok ba



Wata uku ke nan da muka fara gwajin ɗan shafin da muke ginawa don adana labaranmu, ko ma huta da tura babi-babi a WhatsApp inda ake goge sunan marubuci a liƙa na wani. Masu ginin namu ne, matasa biyu a nan Dutsin-Ma, kuma ba kuɗi muke biyan su ba sai na data. Tun da aka kafa jami'ar tarayya a garin a 2011 ba mu rasa yaran da suka iya rubuta manhaja ba, Allah Ya ƙara musu basira.

A makon farko na gwajin wata 'yar uwarmu a Kurfi ta zauna bayan isha'i ta rubuta babi guda cif a cikin shafin, da babban yatsa, a waya. Ta danna wurin aikawa, abu ya yi ta juyawa, daga nan fuskar wayar ta yi fari fat. Da ta koma baya babu ko harafi ɗaya. Ta faɗa mana da safe, mu kuma duk muka ba ta amsa iri ɗaya: haƙuri, netwok ne. Masu ginin suka ce a wurinsu lafiya lau yake aiki. Aka bar maganar a haka har mako biyu, ita kuwa ba ta sake rubuta babin ba har yau.

Muna ganin ba mu yi mata adalci ba da wannan amsa. Gaskiya ne sabis ya ɗauke a lokacin da ta danna. To amma ɗaukewar sabis ba ta goge rubutu. Abin da ya goge shi shi ne shafinmu bai tanadi inda zai ajiye abin da ake rubutawa a cikin wayar kafin ya aika ba, alhali kowace burauza ta zamani tana da ɗan rumbun da aka yi don haka. Ƴan layuka kaɗan na umarni ne da sun tsare mata aikin dare guda. Ba a rubuta su ba saboda a kan kwamfutar mai gini, inda shafin da babbar na'urar da ke riƙe da shi suke zaune a ciki ɗaya, saƙo bai taɓa ɓacewa a hanya ba, don babu hanyar ma.

Kada wani ya ɗauka muna wanke kamfanonin waya ne. Mu ne muka fi kowa sanin halin da ake ciki. A watan Satumba na 2021, zamanin gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi duk suna ciki. Mun tuna yadda mutum zai shiga mota takanas ya nufi Katsina don kawai ya buga waya ko ya tura saƙo. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har manhajojin bankuna suka yi ta gardama a manyan birane. Wanda ya rayu cikin waɗannan ba shi da hujjar yin mamaki idan sabis ya ɗauke. Magini da ya san fadama yake gini, idan damina ta ci katangar, ba ruwan sama za a kira gaban mai unguwa ba.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne na haruffa. Wani ya saka labari, sai kalmar ƙasa ta fito Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. Har wannan ma an samu wanda ya ce rashin ƙarfin sabis ne ya "yayyaga" rubutun. Babu ruwan sabis a nan ko kaɗan. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a tsarin UTF-8 kowannensu gurbi biyu yake ci, saɓanin a ko b da ke cin guda. Idan wani sashe na shafin ya karanta su da tsohon tsarin da aka yi don harsunan Yammacin Turai, sai ya ɗauki kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa, ƙ ɗaya ta rabe gida biyu. Gyaran bai ɗauki rabin awa ba da aka gano inda saitin ya saɓa. Amma ku duba, shafi ne na marubutan Hausa, kuma an yi makonni ana gwada shi da jimlolin Turanci da Hausar da ba ta da lanƙwasa. Laifin nan har da mu a ciki, domin da yawanmu kasala ta sa muna rubuta kasa a inda muke nufin ƙasa, shi ya sa ɓarnar ta daɗe ba a gan ta ba.

Su ma masu ginin ba su tsira daga wannan ɗabi'a ba. Akwai manhajar bin sawun kuskure da suke amfani da ita mai suna Xdebug, wadda ke tsayar da aiki a kan layin da ake zargi don a leƙa abin da ke faruwa. Ta ƙi haɗuwa, suka yini suna kashe hotsifot suna kunnawa, har da canza layin waya. Ashe tsohon darasi suka bi. Sabon zubin manhajar, na 3, ya bar ƙofa mai lamba 9000 ya koma 9003, su kuma suna tsaye a tsohuwar ƙofa suna jira. Wata rana kuma suka rasa dalilin da ya sa waya ta ƙi buɗe shafin a adireshin 127.0.0.1 alhali kwamfuta na buɗewa. Wannan adireshi ma'anarsa "ni kaina", kowace na'ura kanta take nufi da shi, don haka wayar cikin kanta take dubawa.

Wasu daga cikinmu sun ce wannan ba aikin marubuci ba ne, namu mu yi rubutu, masu kwamfuta su ji da nasu. Ba mu yarda ba. Mai gini ba zai iya gyara abin da ba a kwatanta masa ba, kuma kwatantawa ai sana'armu ce. Mutumin da zai cika shafi uku yana siffanta lallen amarya, idan shafi ya ƙi aiki sai ya turo kalma uku: "ba ya yi". Wace waya ce? Chrome ce ko Opera Mini? Wannan tambaya tana da nauyi, domin Opera Mini kan bi da shafi ta na'urorin kamfaninta ta matse shi kafin ya iso, kuma wasu abubuwan da ke motsi a Chrome ba sa motsi a cikinta. Me ka danna, me ya fito? Idan lamba ta fito, wace ce? Ganin lamba kamar 404 ko 500 shaida ce cewa saƙonka ya isa har an ba ka amsa, wato netwok ya yi nasa aikin. 404 na nufin babu abin da ka nema a wurin, 500 na nufin na'urarmu ce ta rikice, 413 kuma hoton bangon littafinka ne ya yi nauyi fiye da yadda aka ƙayyade. Idan kuwa ɗan dabban nan na Chrome ya fito yana jiran ka yi wasa da shi, to a nan ka zargi sabis, ba za mu hana ka ba.

Ga abin da muka tsayar. Ba za a buɗe shafin ga kowa ba sai yana ajiye rubutu a cikin waya yayin da ake yin sa, sai kuma danna wurin aikawa sau uku ya daina haifar da babi uku iri ɗaya, wanda shi ma mun gani. Chrome ta kwamfuta tana da wurin da mai gini zai rage gudun intanet da gangan ko ya kashe shi ɗungurungum ya ga yadda shafinsa zai yi, kuma mun roƙi yaranmu su mayar da wannan gwajinsu na kullum. Sai dai na'ura ba ta iya kwaikwayon sabis da ke nuna sanda huɗu amma ba ya wuce da komai, irin wanda muka sani.

Saboda haka ranar Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga motar haya daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi da rana, kowa da wayarsa a buɗe a kan shafin yana rubutu yana aikawa har mu sauka. Muna buƙatar mutum biyu masu Opera Mini da mutum ɗaya mai tsohuwar waya wadda ma'ajiyarta ta kusa cika. Jimlar gwajin kowa ya tabbata akwai ɓ da ɗ da ƙ a cikinta. 'Yar uwarmu ta Kurfi ta ce za ta tarye mu a tasha, amma ta rantse a takarda za ta fara rubuta babin nan kafin ta sake ba shafinmu amana.