FILIN AIKIN HANNU: Caki don jinjiri

Kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. A bayan gida da gefen gonaki duma ya ƙosa. Ganyensa ya bushe, ƴaƴansa suna kwance a ƙasa ko suna rataye a kan darni. Manya za su zama ƙorai da masakai. Masu dogon wuya za su zama luddai da gora. Ƙanana kuwa sau da yawa a nan ake barinsu, dabbobi su tattake, gara ta cinye. A wannan wata filin aikin hannu zai yi magana a kan waɗannan ƙananan, don da su ake yi wa jinjiri caki.

Kowa ya san caki. Shi ne duma mai ƙwayoyi a ciki wanda ake girgizawa a bayan makaɗan garaya. Ƙaraminsa shi ne abin wasan farko da ake miƙa wa jinjiri. Ko dala ba ya ci. Amma yinsa yana son hankali, saboda duk abin da aka ba jinjiri a hannu, bakinsa zai kai shi. Cakin da aka yi da kula yana sa yaro dariya, yana ba uwa damar daka da tankaɗe. Wanda aka yi da ganganci yana iya kawo kuka a gida.

YADDA CAKI YAKE YIN ƘARA

Abu 3 ne suke haɗuwa su ba da ƙara: ɓawo mai tauri, ƙwayoyi busassu, da filin da ƙwayoyin za su yi gudu a ciki. Idan aka girgiza, ƙwayoyi su tashi daga wannan gefe su bugi wancan. Ɓawon ya amsa kamar yadda fatar ganga take amsa makaɗi.

Idan duma bai bushe sarai ba, ƙarar ba ta fita. Idan aka cika shi da ƙwayoyi har baki, shiru za a ji, don ba su da wurin gudu. Saboda haka a raba cikin duma kashi 4. Kashi 1 na ƙwayoyi ne, kashi 3 a bar su fili. Ko bai kai kashi 1 ba ya isa. Dumar da ta kai dunƙulen hannun babban mutum, hatsi cokalin shayi 2 ko 3 ya ishe ta.

Kowace ƙwaya da muryarta. Hatsi yana ba da sauti mai laushi, kamar yayyafi a kan bukka. Dawa ta fi shi ƙarfi kaɗan. Wake yana ƙwanƙwasa. Tsakuwa ita ce mai ƙara sosai. Wannan ta dace da yaro babba mai korar tsuntsaye a gona. Kunnen jinjiri ba ya son ta.

ZAƁEN DUMA

A zaɓi duma wanda ya ƙosa a jikin uwarsa, marar tsaga, marar hudar ƙwaro. Ya kasance marar nauyi, don jinjiri bai iya hannunsa ba tukuna, yakan bugi goshinsa da abin da yake riƙe.

Babbar magana ita ce girma. Mutane da yawa sukan ɗauki ƙaramin luddai, don yana da mariƙi. To, wannan mariƙin siriri shi ne haɗarin. Jinjiri yana kwance rigingine, ya tura shi baki. Ko kuma yana zaune da shi a baki, ya kife a kansa. Sai ya shige maƙogwaro ya toshe numfashi.

A ƙasar Amurka an sha rasa jarirai ta wannan hanya, da abin wasa irin na kanti. Shi ya sa a shekarar 1978 hukumar ƙasar ta kafa doka. Aka yi wani ma'auni mai rami. Tsawon bakin ramin santimita 5, faɗinsa santimita 3 da rabi, zurfinsa santimita 3. Duk cakin da wani gefe nasa ya shiga ramin har ya kai ƙasa, an hana sayar da shi.

Manomi ma yana iya yin wannan awo a gidansa. Fuskar ƙaramin kwalin ashana kusan girmanta ke nan. A aza kwalin ashana a kan guntun kwali mai kauri, a zana gefensa, a yanke rami. Sai a gwada cakin ta kowane gefe. Idan wani gefe ya shige ramin har ya leƙo da faɗin yatsa 2, wannan caki bai dace da jinjiri ba.

Dumar da ta fi kyau ita ce mai ciki biyu, wadda tsakiyarta ta matse kamar ƙugu. Kai da gindi duk manya ne, ba sa shiga baki, ƙugun kuma shi ne mariƙi. In ba a samu irinta ba, a ɗauki zagayayya mai girman dunƙulen hannu, a yanke wuyanta daf da ciki.

FAFEWA DA WANKEWA

Cikin duma yana da ɗaci, ɗacin nan kuwa dafi ne. Yana sa amai da zawo. Dole a fitar da shi kaf.

1. A huda baki ƙarami, daidai kan ɗan yatsa.
2. A zuba ruwa a ciki, a ajiye kwanaki har abin da ke ciki ya ruɓe.
3. A zubar, a sa ƙarfe mai lanƙwasa a ƙwaƙule ƴaƴan.
4. A zuba tsakuwa da ruwa a girgiza da ƙarfi. Tsakuwa za ta kankare sauran. A zubar da ita duka.
5. A yi ta ɗauraya har sai an ɗanɗana ruwan ba a ji ɗaci ba.
6. A kife shi a wuri mai iska har ya bushe ciki da waje.

Wannan aiki yana ɗaukar kwanaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ake jiran haihuwa, ko ake da jinjiri ɗan wata 1 ko 2, yanzu ne lokacin farawa. Jinjiri yakan fara riƙe abu da kansa wajen wata 3 zuwa 4.

ABIN DA ZA A ZUBA, DA WANDA BA A ZUBAWA

Hatsi shi ne ya fi. A ɗebo daga wanda ake ci a gida. A ɗan soya shi a kasko ba tare da mai ba, don ya bushe sarai, ƙwarin da ke ciki kuma su mutu. A bari ya huce kafin a zuba. Ƙwayar hatsi ƙarama ce, ko caki ya fashe haɗarinta bai kai na sauran ba.

Ga waɗanda za a guje musu:

Iri mai magani. Irin shuka da aka gauraya da garin magani don ƙwari da ruɓewa guba ne. Haka nan wake ko gyaɗar da aka adana da maganin ƙwari.

Idon zakara. Ƙwayar nan ja mai ɗigon baƙi tana da kyau ga ido, kuma tana da ƙara mai daɗi. Amma dafinta yana da ƙarfi ƙwarai. Ƙwaya 1 in yaro ya tauna tana iya kashe shi. Ƴaƴan zurma da na cin-da-zugu su ma dafi ne.

Wake, gyaɗa, gujiya, tsakuwa da duwatsun ado. Girmansu daidai yake da hanyar numfashin yaro. Wake kuma in ya shiga hanci ko kunne yakan kumbura, sai likita ya fitar da shi.

TOSHE BAKI

A nan ne caki yake gyaruwa ko ya ɓaci. Tsumma ba ya yi, yaro zai zare shi. Totuwar kara ba ta yi, tana marmashewa. Ƙaro shi kaɗai ba ya yi, don yawu yana narka shi.

A sassaƙa guntun busasshen icce daidai bakin, a shafa masa ƙaro, a danna shi har ya yi daidai da jikin duma. Daga nan a kai wa baduku. Ya samo jemammiyar fatar akuya marar rini, ya jiƙa ta, ya ja ta sosai a kan duma, ya ɗinke. In ta bushe za ta kame ƙam. Fatar tana da amfani 3: tana danne matoshi, tana riƙe ɓawo in ya tsage, tana kuma rage kaifin ƙara. Idan duma zagayayye ne, baduku ya ɗinka masa gajeren mariƙi mai kauri, wanda yatsun jinjiri kaɗai za su shiga.

Kada a shafa fenti. Wani fenti yana da darma a ciki, darma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba tare da an gani ba. Kada a ɗinka wuri ko maɓalli don ado. Kada a ɗaura doguwar igiya, kuma kada a rataya wa jinjiri caki a wuya.

In an gama, babba ya gwada shi tukuna. A sake shi daga tsawon ƙugu ya faɗi a kan daɓe. A ja mariƙin da ƙarfi. A girgiza a kan farin ƙyalle a ga ko wani abu yana zuba. Bayan haka uwa ta riƙa duba shi kowane mako. Ranar da ya tsage, a jefa shi wuta a yi sabo. Wannan ba aikin gyartai ba ne. In ya yi dauɗa a goge da ruwa da sabulu, a shanya a rana. Ba a tsoma shi a ruwa, don hatsin ciki zai jiƙe ya yi fumfuna.

GWANGWANI DA NA KASUWA

Yara manya sukan zuba tsakuwa a gwangwanin tumatir ko na madara, su daddale bakinsa da dutse, su ba ƙanensu. Bakin gwangwani yana yanka leɓe da yatsa, ga tsatsa. Gwangwani ko kwalbar da aka taɓa zuba maganin ƙwari, ko na dabbobi, ko kananzir, wanki ba ya fitar da gubarsu. A binne su nesa da rijiya.

Na roba da ake sayarwa ranar kasuwa shi ma a gwada shi da ramin kwalin ashana. A matsa shi da hannu a ga ko yana buɗewa. Mai kiɗa da walƙiya yakan zo da ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓalli. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa 2. Wannan sai a ruga da shi gidan likita nan take, ko dare ne.

CAKI DA KUNNEN YARO

Caki yana da wani amfani da ya fi wasa. Da shi uwa za ta iya lura ko ɗanta yana ji.

Wani yaro da kurunta ake haifuwarsa. Wani kuma ciwo ne yake kawo masa ita: ƙyanda, ko kunne mai zubar da ruwa, ko sanƙarau. Sanƙarau ya yi ɓarna mai yawa a Nijar a 1995. A 2010 aka fara allurar rigakafin iri ɗaya daga cikinsa. A 2015 wani iri dabam ya ɓarke, ya fi tsanani a Yamai. Cikin waɗanda suka tashi daga wannan ciwo akwai waɗanda suka rasa jinsu. Babba zai faɗa da bakinsa. Jinjiri ba ya iya faɗa, sai shekaru su wuce ana cewa nauyin baki gare shi.

Ga yadda ake gwaji, idan yaro ya kai wata 6 zuwa 9, yana iya zama:

1. A nemi wuri marar hayaniya, lokacin da yaro ya ƙoshi kuma ba ya jin barci.
2. Uwa ta zaunar da shi a cinyarta, yana kallon gaba.
3. Wani ya tsaya a gabansa ya ja hankalinsa da hannu, ba tare da magana ba.
4. Mai caki ya tsaya a baya, inda yaro ba zai gan shi ba, ko inuwarsa. Ya riƙe caki daidai da tsayin kunne, nisan mita 1.
5. Ya girgiza a hankali. Yaro mai ji zai juyo da kai wajen ƙarar.
6. A sake a ɗaya kunnen.

A nan ma cakin hatsi ya fi na tsakuwa. Yaron da jinsa ya ragu yana iya jin ƙara mai ƙarfi ya juyo, iyaye su ɗauka lafiya lau ne. Sauti mai laushi shi ne yake nuna gaskiya. Kada kuma a girgiza caki daf da kunnen yaro, ko da wasa.

In bai juyo ba, kada a tsorata. Wataƙila mura ce ko gajiya. A sake gwadawa bayan kwana 2 ko 3. In har yanzu bai juyo ba, a kai shi gidan likita, ko a faɗa wa ma'aikatan lafiya ranar awon jarirai. Wannan gwajin gida ne, likita ne mai tabbatarwa. Ko yaro ya juyo, in uwa tana da shakka, ta faɗa. Wani ciwon kunne yana warkewa da magani idan an zo da wuri. Kada a ɗiga mai, ko ruwan ganye, ko nono a kunnen da ke zuba. Wanda kuma kuruntarsa ta tabbata, sanin da wuri yana sa iyaye su fara yi masa magana da hannu tun yana ƙarami. A Yamai akwai makarantar kurame, inda suke koyon karatu da rubutu kamar sauran yara.

TUNATARWA

Duma babba wanda ba ya shiga ramin kwalin ashana. A fafe shi har ɗaci ya fita. Hatsin ci, soyayye, kashi 1 cikin 4. Matoshin icce, fata a kansa. Ba fenti, ba igiya. A duba kowane mako.

Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, a gida, a ruga da makarantar yaƙi da jahilci. A karanta wa mata musamman, da ungozomar gari, don su ne kullum tare da jarirai. Kafin a saki dabbobi cikin gonaki, a aiki yara su tsinto ƙananan duma.