Man bini da zugu: kafin ka sayi inji, je ka ga manomi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, maganar samar da mai daga tsirrai ta sake tasowa. Injin matse 'ya'yan bini da zugu ba wani abin wahala ba ne, kuma mai haɗa dizal ɗin zai iya koyon aikin. Abin da ke kashe wannan sana'a shi ne abin da za a riƙa zuba wa injin kullum.

An gani a wasu wurare. A 2007 kamfanin BP ya haɗa gwiwa da D1 Oils don noman bini da zugu, ya janye a 2009. A Tanzaniya, Sun Biofuels ya karɓi filayen ƙauyuka a Kisarawe, ya durƙushe a 2011. An yi ta tallar cewa shukar tana yi a kowace fako. Tana rayuwa dai, amma ba ta ba da 'ya'yan kirki sai da ruwa da taki. Ita ma Najeriya ta fitar da manufar man tsirrai a 2007, da burin gauraya kashi 10 na ethanol a fetur. Yau wa ke sayen irin wannan fetur a gidan mai?

To dawo Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Damina wata huɗu ce, girbi sau ɗaya, inji kuwa wata goma sha biyu yake son aiki. Manomin da ke da gero da gyaɗa da riɗi ba zai ba da gonarsa ga shukar da ba a ci ba, wadda sai ta shekara uku ko fiye kafin ta yi 'ya'ya sosai, kuma mai sayenta mutum ɗaya ne. Idan ka ce da gyaɗa za ka yi, mai ƙuli-ƙuli da ɗan kasuwar Babura za su fi ka farashi. Ko karan dawa yana da masu shi: dabbobi, danga, murhu.

A ganina, a bar bini da zugu inda kakanni suka ajiye shi, wato shingen gona. Mai ƙaramin inji ya yi wa shingayen rajista da GPS na waya, ya san buhu nawa zai samu kafin ya ci bashi. Ya auna a gaban mai kaya, ya tura kuɗi nan take, domin "sai gobe" ce ke sa manomi ya juya baya. Ya kuma tanadi sabulu a matsayin kasuwa ta biyu idan dizal ya sauka.

Akwai wani haɗarin da ba a cika lissafawa ba. Mai noman rani a bakin dam ɗin Kazaure da ya koma famfon sola ya daina sayen mai kwata-kwata. Kasuwar da ta rage ita ce injin niƙa da tarakta, su ya kamata a ƙirga tun farko.