Rigar Radiyam

Gardama ta tashi tsakaninmu mu da za a tura koyon aikin malanta a makarantun ƙasar Tambuwal da Kebbe. Waɗansunmu sun kawo shawarar a shirya wa yara wasa ran rufe makaranta, kowane yaro ya yi shigar sinadari guda, wannan ƙarfe, wannan zinariya, wancan farar wuta, ya fito gaban iyaye ya faɗi halinsa. Waɗansu kuwa, har da malamanmu biyu, suka ce shiririta ce. Mu dai muna bayan wasan. Yawancin makarantun ƙauye ba su da ɗakin gwaji, yaron da ya kwana bakwai yana ɗinka rigar sinadari kuwa ya fi wanda ya haddace sunansa a allo riƙe shi. Amma muna da sharaɗi guda, watau kada rigar ta yi wa yara ƙarya. Babu inda wannan sharaɗi ya fi nauyi kamar wajen radiyam, don shi ne kowane yaro zai so, saboda an ce yana haske cikin duhu.

Radiyam ƙarfe ne mai wuyar samu ƙwarai. Marie Curie da mijinta Pierre su suka gano shi a birnin Faris cikin 1898. Sai da ta shekara huɗu tana dafa tulin ƙasar ma'adini tana tacewa, kana cikin 1902 ta sami kashi ɗaya cikin goma na giram, abin da bai rufe bakin farce ba. Lambarsa 88 a jerin sinadarai. In an tsarkake shi fari ne fat kamar azurfa, amma da ya sha iska sai ya yi baƙi. Ba a hura masa wuta, shi ke ɗumama kansa, yana kuwa fitar da wani irin tiriri wanda ido ba ya gani, dare da rana. Sai ya shekara 1600 kafin rabinsa ya ƙare. Ku auna da tarihinmu: da an ajiye ɗan ƙwarya guda a Tambuwal tun shekarar jihadin Shehu, 1804, har yau ko kashi ɗaya cikin goma bai ragu ba.

To, ga inda riga za ta iya yin ƙarya. Kowa in an ce masa radiyam sai ya nemi yadi kore shar, don ya tuna agogon da mai haske da dare. Koren nan na fentin da aka gauraya shi da shi ne, shi kansa ɗan haskensa shuɗi-shuɗi ne, mai rauni. Labarin fentin kuwa shi ya kamata yara su ji. A Amurka, daga 1917, an ɗauki 'yan mata aikin shafa shi a fuskar agogo, aka koya musu su riƙa lasar bakin burushi don ya yi tsini, kamar yadda maɗinki ya ke lasar zare kafin ya zura shi a allura. Ashe radiyam ɗan'uwan sinadarin nan ne da ke cikin alli da ƙashi, saboda haka jiki ba ya rarrabe su, sai ya kai shi ƙashi ya ajiye. Haƙoransu suka zube, muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawa suka mutu da ƙuruciya. Ita Marie Curie ma ciwon jini ya kashe ta cikin 1934, littattafan da ta yi rubutu a ciki kuwa har yanzu cikin akwatin dalma a ke ajiye su.

Don haka ga yadda mu ke so a yi rigar. A sami akoko, gaba a bar shi fari, baya a rine shi baƙi, yaron ya juya a gaban jama'a ya faɗi dalili. A rubuta 88 da tawada a kwali a rataya masa a ƙirji. A soka sillen kara kewaye da hularsa, su ne tiririn. In ya shigo fili, sauran yara su ja da baya taki uku, kada wanda ya ba shi hannu. Bayansa kuma wani yaro ya biyo da riga mai launin toka, shi ne dalma, gama radiyam yana rikiɗa daga wannan sinadari zuwa wancan har ya ƙare a dalma. Duk kayan nan babu wanda ba a samu a kasuwar Tambuwal ko bayan gidan kowa.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Kebbe da ƙarfen da ba zai taɓa gani ba? Ai ba nisa ya ke ba. Duk inda yuraniyam ya ke akwai ɓurɓushin radiyam, ga shi kuwa ana haƙar yuraniyam a Arlit ta ƙasar Nijar tun 1971. Mun kuma ga abin da ya sami maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum cikin 2010, sa'ad da aka riƙa niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, ƙurar dalma ta kashe yara kimanin 400. Dalma ba ta da tiriri irin na radiyam, amma hanyar ɗaya ce: abu mai ban sha'awa ya shigo gida, ya bi ta hannu ya shiga baki.

Saura abu guda ga 'yan'uwanmu malamai. Lalle za a sami yaro mai ƙoƙari wanda zai so rigarsa ta yi haske na gaske, ya je ya tono tsohon agogon kakansa ko kamfas irin na sojan da, ya kankare fentin. Tun shekarun 1960 aka yi ta barin sa radiyam a agogo, amma tsofaffin suna nan cikin adaka, ko sun daina haske ma radiyam ɗin yana ciki. A gaya wa yara wannan tun ranar da aka raba musu sunaye, kafin a yanka yadi.