Gangamau: Na Tukunya Daban, Na Kwalba Daban

Duk wanda ya ratsa layin 'yan koli a kasuwannin Rano da Kibiya ya san shi: busasshiyar saiwa mai kama da citta, ko rawayan gari ƙulle a leda. Tsofaffi su ce gangamau, 'yan mata su ce kurkur. A Rurum Tsohon Gari, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, aikinsa sananne ne. Yana gyara launin shinkafa, yana shiga haɗin gyaran jikin amarya. Tun a 1916 likitan nan J. M. Dalziel ya sa shi cikin ƙamus ɗinsa na tsirran ƙasar Hausa, a matsayin abin da dukawa ke rina fata da shi.

Abin da yake sabo shi ne rawanin da aka naɗa masa a 'yan shekarun nan. Mai lasifika a bayan mota da mai tura murya a WhatsApp duk bakinsu ɗaya: wai kurkur na kashe ciwon suga, yana wanke hanta, har daji yana warkarwa.

Ba a ce ƙarya ce tsagwaronta ba. A cikin saiwar akwai sinadari mai suna kurkumin, wanda masana biyu, Vogel da Pelletier, suka fara tacewa a 1815, kuma an ga yana rage kumburi a ɗakin gwaji. A ƙasar Tailan, a 2014, an gwada mutum 367 masu ciwon gwiwa: wasu aka ba su tataccen gangamau miligiram 1,500 kullum, wasu ibuprofen miligiram 1,200. Bayan mako 4 sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu kusan ɗaya ne, kuma masu gangamau ba su yi kukan ciki kamar 'yan uwansu ba. Wannan labari ne mai daɗi ga dattijon da noma ya cinye wa gwiwa, wanda ya saba aiken yaro kemis kowace yamma. A ƙasar dai, a 2012, an bi mutum 240 da suga ke dab da kamawa har wata 9. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta, kashi 16 cikin ɗari sun kamu. Cikin masu shan kurkumin ba wanda ya kamu.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kurkumin ɗin da ke cikin garin da ake sayarwa bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba a galibi, wato cokalin shayi guda da ƙyar ya ba da miligiram 100. Ɗan wannan ma hanji ba ya tsotsarsa sosai, wanda ya samu ya shiga kuma hanta ta yi maza ta fitar da shi. Ga shi mutanen Tailan na binciken 2012 ɗin nan ba masu ciwon suga ba ne, masu shirin kamuwa ne. Mai ciwon suga da ya ajiye maganinsa na metformin ya koma kurkur da zuma ba shi da hujja ko ɗaya a wannan bincike.

Maganar daji ta fi muni. A 2017 wasu masana harhaɗa magunguna a Amurka suka duba gwaje-gwaje sama da 120 da aka yi a kan mutane, suka ce ba su ga ko ɗaya daga cikin masu tsauraran ƙa'idoji da ya tabbatar da kurkumin a matsayin magani ba. Mutumin da ya fi kowa yayata shi, Bharat Aggarwal na cibiyar daji ta MD Anderson a Texas, sai da mujallu suka janye takardunsa fiye da 20 saboda maguɗin hotunan sakamako. Takardun sun tafi, amma zantukansa na nan suna yawo a wayoyin mutane.

Sannan ga hanta. A 1998 masu bincike a Bangalore ta Indiya suka gano cewa idan aka haɗa kurkumin giram 2 da miligiram 20 na sinadarin da ke sa masoro yaji, abin da ke shiga jini yakan ninka sau 20. Kamfanoni suka ɗauki dabarar suka cika kwalabe da ƙwayoyi. Sai ga shi a 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun tattara mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi, a 2023 kuma Ostireliya ta fitar da gargaɗi. Cikin alamun akwai idanu rawaya da fitsari ja, wato shawara, ciwon da ake tallar kurkur ɗin a kansa. A yankin da mutane da yawa ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba su sani ba, wannan ba abin wasa ba ne. Mai duwatsu a matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da mai juna biyu, su ma na miya ya ishe su.

Garin kansa ma a lura da shi. A Bangaladash an gano 'yan kasuwa na goga wa saiwar wani rawayan launi mai dalma don ta yi kyan gani, har sai da hukuma ta tashi tsaye daga 2019 kafin abin ya kau. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu bayanin dalma, tun da a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Uwargida a Rurum da za ta sayi saiwar, ta wanke, ta shanya, ta daka da kanta, ta fi mai sayen ƙullin da ba a san inda aka niƙa shi ba kwanciyar hankali. Mai kwalba kuwa, kafin a zaro kuɗi a tambaye shi lambar NAFDAC da adadin miligiram ɗin da ke cikin kowace ƙwaya.